RA'AYINMU: Ɓoye Wa Talakawa Halin Ruwansu Da Ƙasarsu Cin Amana Ne

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya shimfiɗa ƙasa, Ya saukar da ruwa daga sama, Ya kuma ɗora wa ɗan Adam amanar kula da su. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, maganar da muke so mu yi a wannan wata ita ce maganar haƙƙin da talaka yake da shi na ya san abin da hukuma ta sani game da ruwan da yake sha, da ƙasar da 'ya'yansa suke wasa a kanta, da iskar da yake shaƙa, da madatsar ruwan da ke saman garinsu. Mai yiwuwa ne wani ya ce mene ne haɗin mujallar wa'azi da wannan batu, wanda a ganinsa aikin injiniyoyi ne da likitoci. Amsarmu ita ce, tsare rai yana cikin manyan abubuwan da Shari'a ta zo domin ta kiyaye, kuma duk labarin da saninsa yake tsare rai, to ɓoye shi ba ƙaramin laifi ba ne a wurin Allah. A ƙasar nan mun binne yara da yawa waɗanda da iyayensu sun ji magana guda ɗaya a kan lokaci, da sun ɗauki mataki, da yardar Allah.

Bari mu fara da abin da ya faru a Jihar Zamfara, domin har yanzu akwai waɗanda suke ɗauke da tabonsa. A watan Maris na 2010, ma'aikatan ƙungiyar likitocin nan ta ƙasashen waje, wadda aka fi sani da Likitoci Na-gari Na-kowa, suna zagayen sa ido kan cutar sanƙarau, sai suka ji labarin cewa yara suna ta mutuwa a wasu ƙauyuka na ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Yaro zai fara amai, sai ya shiga jijjiga, sai ya suma, sai a wayi gari an kai shi makwanci. Aka ba da maganin zazzaɓin cizon sauro bai yi ba, aka ba da na sanƙarau bai yi ba. Sai da aka ɗebi jinin yaran aka kai awo, sa'an nan aka gane cewa gubar dalma ce. Asalin abin kuwa shi ne, farashin zinare ya tashi, mutane suka duƙufa haƙa, suna kawo duwatsun cikin gidajensu, ana niƙa su da injin niƙan hatsi, mata suna dakawa a turmi. Duwatsun nan cike suke da dalma. Ƙurar ta sauka a tsakar gida, yaro mai rarrafe ya dafa ƙasa ya kai hannu baki. Binciken da aka yi gida-gida a Dareta da 'Yargalma ya nuna cewa a cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin shekara guda, wato yaro ɗaya a cikin kowane huɗu. Jimillar waɗanda suka rasu a yankin ta kai aƙalla yara 400, ban da dubbai da gubar ta shiga jininsu, wasu ta taɓa musu ƙwaƙwalwa har abada.

Ba mu ce hukuma ta san da wannan guba kafin 2010 ta ɓoye ba, kuma Allah Ya tsare mu da ɗora wa wani laifin da ba mu da hujja a kansa. Abin da muke so a lura da shi shi ne abin da ya biyo baya. Da aka gaya wa mutane gaskiya da harshen da suke ji, aka fitar da niƙan duwatsu daga cikin gari, aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, aka ba yara magani, sai mace-macen suka ragu ƙwarai. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Amma garin Bagega, wanda ya fi sauran yawan jama'a, sai aka bar shi yana jira. Likitoci suka ce ba amfani a ba yaro magani ya koma gidan da gubar take, sai an share garin tukuna. A 2012 aka yi alkawarin naira miliyan 850 domin wannan aiki da makamantansa, amma watanni suka yi ta wucewa ba wanda zai iya gaya wa mutanen Bagega inda kuɗin suka maƙale. Sai da wasu matasa suka tashi suna bin sawun kuɗin daga ofis zuwa ofis, suna tambaya a bainar jama'a, sa'an nan aka saki kuɗi a farkon 2013, aka yi aikin. Tambaya ce ta motsa abin da kuka bai motsa ba.

Abin da ya fi ba mu takaici shi ne abin da ya faru bayan shekara biyar. A 2015, a yankin Shikira na ƙaramar hukumar Rafi a Jihar Neja, yara 28 suka rasu ta wannan hanya ɗin dai, wato niƙan duwatsun zinare a cikin gida. A wannan karo ba wanda zai ce ba a sani ba. Ma'aikatun lafiya da na muhalli da na ma'adinai duk suna da rahotannin Zamfara a hannunsu. An san yadda gubar take shiga, an san alamunta, an san rigakafinta. Ilmin yana nan a ofisoshin Abuja cikin harshen Ingilishi, amma bai isa kunnen magidancin Shikira ba sai da ya haƙa wa ɗansa kabari. Wannan shi ne irin ɓoyon da ya fi yawa a ƙasarmu. Ba lalle sai an kulle takarda a akwati ba. A rubuta ta da harshen da mai haƙƙi ba ya ji, a ajiye ta inda ƙafarsa ba za ta kai ba, wannan ma ɓoyo ne.

Kuma wannan cuta ba ta tsaya a Arewa ba. Dattawanmu suna tune da abin da ya faru a garin Koko na tsohuwar Jihar Bendel, inda a 1987 da 1988 aka shigo da dubban ganguna na sharar masana'antu mai guba daga ƙasar Italiya, aka jibge su a wani fili kusa da gidajen jama'a. Kayan nan ta tashar jiragen ruwa suka shigo, ba daga sama suka faɗo ba, amma mutanen garin ba su san abin da ke cikinsu ba sai da ɗaliban Nijeriya da ke karatu a Italiya suka rubuto wa jaridun gida. Tonuwar wannan asiri ce ta sa gwamnatin soja ta wancan lokaci ta kafa hukumar kare muhalli ta tarayya a 1988. Haka kuma a ƙasar Ogoni, sai a watan Agusta na 2011, da Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahotonta, mutanen Nisisioken Ogale suka ji a rubuce cewa ruwan rijiyoyinsu yana ɗauke da wani sinadari mai haddasa ciwon daji, wanda yawansa ya ninka iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya har sau 900. Akasarin mutanen nan ba Musulmi ba ne, amma zalunci ba ya halatta a kan kowa, kuma abin da ba mu yarda a yi wa 'ya'yanmu ba, ba za mu yarda a yi wa 'ya'yan maƙwabtanmu ba.

Mu dubi kuma abin da ya sami 'yan'uwanmu na Maiduguri. A daren 10 ga Satumba 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga gari mutane suna barci, ya ci gidaje da kasuwanni da asibitoci da maƙabartu, kuma gwamnatin jihar da kanta ta ce abin ya shafi mutane wajen miliyan guda. Wannan madatsa ta taɓa jawo ambaliya a 1994, shekara 30 cif kafin wannan. Kwanaki kaɗan kafin ta ɓalle, jama'a sun nuna tsoronsu, aka kwantar musu da hankali. To tambayarmu ita ce, a cikin waɗannan shekaru 30, sau nawa injiniyoyi suka duba lafiyar ginin? Me suka rubuta? Wa suka miƙa wa? Nawa aka ware domin gyara, nawa aka kashe? Waɗannan ba tambayoyin 'yan adawa ba ne. Tambayoyin magidanci ne wanda ya kwana a kan rufin ɗaki da iyalinsa. Irin su kuma ya kamata mutanen da ke zaune a ƙarƙashin Tiga da Goronyo da Bakolori da Dadin Kowa su riƙa yi tun ruwa bai zo ba, haka nan mutanen bakin Binuwai waɗanda suka sha wuya a 2012 da 2022, shekarun da aka saki ruwan madatsar Lagdo ta ƙasar Kamaru a kan damina mai ƙarfi.

'Yan'uwanmu na Jamhuriyar Nijar su ma suna da nasu. Tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit. Da ƙungiyoyi masu zaman kansu suka je da na'urorinsu a 2009, sun tarar da wasu wurare a titunan Akokan inda tururin ma'adinin ya ninka na al'ada sau ɗaruruwa, suka kuma tarar da ƙarafan mahaƙa masu ɗauke da shi ana sayarwa a kasuwa. Mahaƙar Kominak ta rufe a watan Maris na 2021, ta bar tarin dusar ma'adini wajen tan miliyan 20. A 2025 gwamnatin Nijar ta mayar da kamfanin Somair mallakar ƙasa. Duk wanda ya karɓi dukiya ya karɓi nauyin da ke tare da ita, saboda haka mutanen Arlit suna da haƙƙin su nemi a buɗe musu sakamakon awon ruwa da iska na shekarun da suka wuce da na masu zuwa. A Kano kuwa, masana na jami'o'inmu sun daɗe suna auna ruwan da masana'antun jima na Sharaɗa da Challawa da Bompai suke zubarwa, suna samun ƙarafa masu cutarwa a cikinsa, alhali akwai manoman rani da suke ban-ruwa da kogunan da wannan ruwa yake gangarawa, mu kuma muna sayen latas da kabeji muna kai wa iyalanmu. Manomin nan bai taɓa ganin sakamakon awon ba, ba a kuma taɓa karanta masa ba.

To mene ne hukuncin wannan a addininmu? Da farko, mulki amana ne, kuma Allah Ya yi umarni a cikin Suratun Nisa'i, aya ta 58, da a mayar da amanoni ga masu su. Rahoton da injiniyan gwamnati ya rubuta, da albashin baitulmali ya rubuta shi, da motar baitulmali ya je wurin, da na'urar baitulmali ya yi awon. Saboda haka takardar ba gadon darakta ba ce, ba kuma ta kwamishina ba ce. Ajiya ce a hannunsu, masu ita kuwa su ne mutanen da ruwan yake shiga cikinsu. Na biyu, wanda ya auna rijiya ya ga guba ya zama mai shaida, kuma a ƙarshen Suratul Baƙara, aya ta 283, an hana ɓoye shaida, aka jingina laifin ɓoyewar ga zuciyar mai yin ta. Na uku, duk ɗalibin da ya karanta babin ciniki a littattafan fiƙihunmu na Malikiyya ya san cewa wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin hajarsa. Ya tabbata a cikin Sahihu Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani mai sayar da abinci, ya sa hannunsa mai albarka a cikin tsibin, ya ji danshi a ƙasa, ya tuhume shi a kan me ya sa bai fito da jiƙaƙƙen sama ba yadda mutane za su gani, ya kuma kira wannan aiki algus. In an yi wannan tsanani a kan tsibin hatsi, yaya ke nan ga wanda ya ɓoye aibin ruwan da gari guda yake sha? Kuma ya zo a hadisi cewa shugaban da ya mutu yana mai ha'intar talakawansa, an haramta masa Aljanna. Muna roƙon Allah Ya tsare shugabanninmu da mu baki ɗaya.

Akwai waɗanda in irin wannan masifa ta auku sai su ce ƙaddara ce, a yi haƙuri, kada a tayar da magana. Mun yi imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi, kuma ba wanda zai mutu sai kwanansa ya ƙare. Amma magabata na ƙwarai ba su fahimci ƙaddara a matsayin mayafin da ake lulluɓe sakaci da shi ba. Wajen shekara ta 18 bayan Hijira, Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah Ya yarda da shi, ya nufi Sham, da ya isa wani wuri da ake kira Sargu sai shugabannin runduna, ciki har da Abu Ubaida, suka tarye shi suka gaya masa cewa annoba ta ɓarke. Ba su ɓoye masa don kada a ce sun gaza ba. Shi kuma bai riƙe labarin shi kaɗai ba. Ya tara Muhajirai, ya tara Ansaru, ya tara dattawan Ƙuraishawa, ya shimfiɗa musu maganar, aka yi shawara, ya yanke a koma. Da aka tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, sai ya nuna cewa kauce wa annobar ma a cikin ƙaddarar Allah yake, ya buga misali da makiyayin da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe, duk wanda ya kora raƙumansa a ciki da ƙaddarar Allah ya kora. Haka nan Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da ya san shekarun fari suna tafe, ya bayyana tun da sauran shekara bakwai, ya kuma faɗi yadda za a adana hatsi. Wannan shi ne tafarkin Annabawa da Halifofi shiryayyu: a faɗi labari tun yana da amfani, a yi shawara, a riƙi sababi, sa'an nan a dogara ga Allah.

Abin kunya ne a gare mu a ce wasu al'ummu sun riga mu aiki da wannan. A taron duniya na birnin Riyo na ƙasar Burazil a 1992, ƙasashe, har da tamu, sun amince cewa kowane mutum yana da haƙƙin ya sami bayanan muhalli da ke hannun hukuma. A 1998 ƙasashen Turai suka mayar da wannan yarjejeniya mai ɗaure gwamnatoci a garin Arhus na ƙasar Denmak. Mu ma a Nijeriya ba doka muka rasa ba. Tun 1992 akwai dokar da ta wajabta a binciki illar da babban aiki zai yi wa muhalli kafin a fara shi, a kuma baje rahoton domin jama'a su gani su faɗi ra'ayinsu. Sai dai wane manomi ne zai je hedkwata ya karanta shafi ɗaruruwa na Turancin masana a cikin 'yan makonni? Sa'an nan akwai Dokar 'Yancin Samun Bayanai, wadda aka daɗe ana jan ƙafa a kanta tun 1999, har Shugaba Goodluck Jonathan ya sa mata hannu a ranar 28 ga Mayu 2011.

Ya kamata kowane ɗan'uwa ya san abin da wannan doka ta ba shi. Kowa yana iya neman bayani daga kowace ma'aikata, kuma ba sai ya faɗi dalilinsa ba. Wanda bai iya rubutu ba yana iya sa wani ya nema a madadinsa, in kuma da baki ya nema, wajibi ne jami'i ya rubuta buƙatar ya ba shi kofe. Ma'aikata tana da kwana 7 ta ba da amsa, tana iya ƙara wasu 7 in takardun suna da yawa. Ba a cajin mai nema sai kuɗin buga kofe. In an hana shi, dole a gaya masa dalili a rubuce, yana kuma da kwana 30 ya kai ƙara kotu. Wanda kotu ta samu ya hana ba bisa ƙa'ida ba, akwai tarar naira 500,000, wanda kuma ya lalata takarda ko ya sauya ta da gangan, akwai ɗaurin da bai gaza shekara guda ba. Ko sirrin kasuwancin kamfani ne, doka ta ce a bayyana shi in ya shafi lafiyar jama'a ko tsaronsu ko kare muhalli, matuƙar maslahar jama'a ta rinjayi hasarar kamfanin. Ta kuma ba da kariya ga ma'aikacin da ya tona abin da yake barazana ga lafiyar mutane. Shekara da shekaru jihohi da dama suna fakewa da cewa dokar ta Gwamnatin Tarayya ce kaɗai, to a watan Afrilu na 2025 Kotun Ƙoli ta yanke cewa ta hau kan jihohi ma. Wannan ƙofa ta fakewa ta rufe.

Mun san uzurin da mahukunta suke kawowa, kuma adalci ne mu saurare shi. Sukan ce in an faɗa wa jama'a za su firgita, za a yi rige-rige, 'yan siyasa kuma za su yi amfani da maganar. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, kuma ba mu ce a buɗe sirrin tsaron ƙasa ko takardun asibitin wani bawan Allah ba. Amma barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Inda hukuma ta yi shiru, jita-jita ce take magana. Ku tuna gwajin maganin sanƙarau da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara 200 a Kano a 1996. Gwamnati ta kafa kwamiti, ya gama aikinsa a 2001, amma rahoton bai fito ba sai da wata jaridar Amurka ta samo shi ta buga a 2006. A tsakanin nan ne, a 2003, aka ƙaurace wa allurar shan-inna a wasu jihohin Arewa, kuma wannan tsohon rauni yana cikin abubuwan da suka sa mutane suka ƙi yarda, yara da yawa suka nakasa. Wanda ya ɓoye gaskiya yau, gobe in ya faɗe ta ba za a gaskata shi ba. Muna kuma yaba wa abin da ya cancanci yabo: hukumar hasashen yanayi da ta kula da koguna suna fitar da hasashen damina da na ambaliya kowace shekara. Saura a kai shi ƙauye, a faɗi sunan gari da unguwa, a kuma faɗi inda mutane za su koma.

Yanzu kuma bari mu juyo kanmu, domin gyara daga gida yake farawa. Sau nawa muka yi wa'azin ƙasa, muka tara dubban jama'a, ba mu ware ko da minti goma ba domin mu gaya musu haɗarin niƙa dutsen zinare a cikin gida? Sau nawa reshenmu ya rubuta wa hukumar ruwa wasiƙa yana neman sakamakon awon rijiyar burtsatsen da ake alwala da ita a masallacinmu? A cikinmu akwai ma'aikatan gwamnati da irin waɗannan takardu suke ratsawa ta hannunsu. A cikinmu akwai masu majema da masu ramukan haƙa da masu injin niƙa. Tsayuwa a sahun farko ba ta sauke wa mutum haƙƙin maƙwabcin da ya zuba wa guba a kwata. Kuma akwai masu laifi na daban, su ne masu yaɗa duk abin da ya shigo wayarsu ba tare da bincike ba, alhali Suratul Hujurati, aya ta 6, ta umarce mu da tantance labari, Suratun Nisa'i kuma, aya ta 83, ta zargi masu watsa labarin tsoro kafin su mayar da shi ga masana. Wanda yake neman hukuma ta faɗi gaskiya, shi ya fi cancanta ya tsare harshensa daga ƙari.

Saboda haka muna kira kamar haka.

Na ɗaya, ga Gwamnatin Tarayya da gwamnatocin jihohi: kada a jira sai an tambaya. A riƙa fitar da sakamakon awon ruwan sha, da na ƙasar garuruwan da ake haƙar ma'adinai, da rahoton lafiyar kowace babbar madatsa kafin faɗuwar damina, da bayanin yadda aka kashe kuɗin asusun kula da muhalli. A fassara su da Hausa da Fulfulde da Kanuri da sauran harsuna, da boko da ajami, a karanta a rediyo, a liƙa a ƙofar hakimi da sakatariyar ƙaramar hukuma.

Na biyu, ga 'yan'uwanmu ma'aikata: ku ji tsoron Allah a kan abin da kuka sa wa hannu. Kada ku sauya lamba don a faranta wa na sama. In kun ga haɗari ku rubuta, ku ajiye kofe, ku bi hanyoyin da doka ta tanada. Babu biyayya ga abin halitta a cikin saɓon Mahalicci.

Na uku, ga rassanmu na jihohi da ƙananan hukumomi: kowane reshe ya zaɓi mutum uku ko huɗu, a sami malami da ma'aikacin lafiya da wanda ya san doka. Su duba abin da ya fi damun yankinsu, ko madatsa ce, ko masana'anta, ko ramin haƙa, ko juji. Su rubuta wasiƙa gajera cikin ladabi, su ambaci ainihin takardar da suke nema da shekarunta, su kai da hannu, su karɓi hatimin shaidar karɓa da kwanan wata, su ƙirga kwanaki. In amsa ta zo, a kai wa masani ya yi bayani kafin a faɗa wa jama'a, kada a ƙara kada a rage. In ba ta zo ba, a tunatar, in an ƙi, a nemi lauya. Ba zanga-zanga muke kira ba, ba kuma zagin shugabanni ba. Nasiha ce ga shugabanni da talakawa, wadda ita ce addini.

Na huɗu, ga limamai da masu wa'azi da malaman Islamiyya, musamman malamai mata da suke shiga gidaje: ku sanya wannan a cikin karatunku. Uwar da ta ji cewa ƙurar dutse tana kashe yaro ba za ta bari a shigo mata da shi tsakar gida ba.

Na biyar, ga sarakuna da hakimai da dagatai da masu unguwanni: ku ne kuka fi kusa da jama'a. Duk wanda ya zo da takardar izinin haƙa ko gina masana'anta a ƙasarku, ku nemi ya nuna rahoton binciken muhalli, a karanta shi a gaban dattawan gari kafin a sa hannu.

Yaran Dareta da 'Yargalma da Bagega da Shikira sun riga mu gidan gaskiya, kuma ranar da za a tsaya gaban Allah za a tambayi kowa gwargwadon abin da ya sani da abin da ya yi da saninsa. Muna roƙon Allah Ya jiƙansu, Ya sa su zama masu ceton iyayensu, Ya ba waɗanda suka nakasa lafiya, Ya mayar wa mutanen Maiduguri da alheri. Allah Ya ba shugabanninmu mashawarta na gari da zuciyar faɗin gaskiya, Ya ba mu ikon neman haƙƙi ta hanyar da Ya yarda da ita, Ya tsare ruwanmu da ƙasarmu da zuriyarmu. Amin.